Motar da Ba Ta Hayaƙi

Fermín Olazábal ya yi shekara ashirin da biyu a kan jirgin kwal kafin a kawo motar dogo layinmu, kuma cikin duk direbobin garin Villa Amparo shi kaɗai ya ɗaga hannu da aka tambayi wanda zai koye ta. Abokan aikinsa suka hana shi sakat. A wurinsu jirgi shi ne mai kai daban, taragu daban, da wuta a cikinsa da mutum biyu suna gumi a kanta. Wannan kuwa tarago ne guda tilo mai fentin azurfa, injinsa a jikinsa, yana shan man dizal, ba kwal, ba ruwa, ba mai zuba kwal. Da Fermín ya shigo rumfar gyara sai ka ji wani daga ƙarƙashin tukunyar jirgi ya ce, "Ga direban bas nan, ku ba shi hanya kada rigarsa ta ɓaci."

"Ku ci gaba da cin toka," in ji shi. "Ni na ƙoshi."

Zolaya ba ta shiga jikin Fermín. Gajere ne kakkaura, gashin bakinsa kullum a murɗe, kuma ba a taɓa jin kalmar "wataƙila" ta fito daga bakinsa ba. Idan ya ce abu zai yiwu, to a ransa an gama, saura duniya ta biyo bayansa. Sau da yawa kuma takan biyo, abin da ya ƙara lalata shi ke nan.

Motar ta zo ta teku daga Hungary tare da injiniyan da ya zana ta, wani dogo siriri mai suna Tibor Halasz, wanda tsumma ba ya barin hannunsa. Mu Don Tibor muke ce masa, yadda muke kiran namiji da girmamawa. Harshenmu bai gama zama a bakinsa ba, amma idan aka taɓo zancen motar sai ka rasa inda za ka tsayar da shi. Shi ya ba Fermín tarihinta daga tushe. An fara gwada ƙaramin tarago mai tukunyar tururi a ciki, fasinja suka riƙa dahuwa da zafi. Aka koma fetur, tartsatsi ɗaya ya isa ya ƙone tarago ƙurmus. Sannan aka zo kan dizal, man da ko ashana ka jefa masa sai ya yi shawara kafin ya kama. Ya nuna masa wurin tuƙi biyu, ɗaya a kowane kai, don idan an kai ƙarshen layi ba sai an juya ta ba, direba ne zai zare hannun giyarsa ya taka zuwa ɗaya ɓangaren. Lagireto ma a ƙasa aka sa shi da farko, amma cikin mako guda audugar ƙayar filayenmu ta toshe shi, Don Tibor ya kwance shi ya mayar kan rufi. Abin da ya fi alfahari da shi dai shi ne salansa, wani siririn bututu a saman rufin. Shekara uku ya yi yana gyara yadda injin ke ƙona mai, har ta kai idan motar na gudu ba ka ganin komai yana fita sai ɗan zafi yana rawa a iska.

"Mace shiga da farin kaya, fita da farin kaya," yakan ce, yana goge wurin da ba datti.

Amma Fermín ba don farin kaya ya ɗaga hannu ba. Mahaifiyarsa, Doña Eulogia, tana zaune ita kaɗai a tsohuwar gonarsu, tafiyar kilomita biyar daga rumfar jiran jirgi da ake kira Kilomita 84. Shekara shida ke nan da ya gina gida a Villa Amparo, shi da matarsa Casilda, bulo bayan bulo da hannunsa, kuma uwar ba ta taɓa ganin gidan ba. Tsohon jirgin sau biyu yake wucewa a mako, wanda ya shiga gari sai ya kwana uku kafin ya dawo, ita kuwa ta rantse ba ta kwana ko ɗaya ta bar shanunta da kajinta a hannun maƙwabta. Yanzu ga yanar ido ta fara rufe mata gani. Bara tana zura zare a allura, bana sai ta matso kusa kafin ta gane fuska. Motar dogo kuwa za ta tashi daga Fortín Quemado, ƙarshen layi, ƙarfe takwas na safe, ta bi ta Kilomita 84 ƙarfe tara, ta shiga gari goma da rabi, ta juyo ƙarfe huɗu. Tsohuwa za ta ga gidan ɗanta ta dawo ta tatsi shanunta da rana a sama. Abin da Fermín ke so ke nan a duniya, kuma yana so ne kafin idon ya ƙarasa rufewa.

Sufeton layi, Señor Lascano, mutum ne da ba ya ɓata magana. Ranar Litinin ta farko a Janairun 1937 ya tsaya a bakin motar ya ce, "Kwana talatin. Don mutanen ƙauye aka kawo ta. Idan na zo ran ƙarshe na ga rumfunan jiran nan uku na kan hanya ba kowa, za ta koma babban birni inda ake roƙonta, ku kuma ku koma jirginku na sau biyu a mako."

"Ranka ya daɗe, ka tanadi wurin tsayawa," in ji Fermín, "don ba za ka samu kujera ba."

Ya riga ya aika wa uwar da takarda a hannun mai kai wasiƙu, ya ce kullum ƙarfe tara, ban da Lahadi. Don haka ran farko ya aske gemu sau biyu. Motar ta tashi sumul, ba girgiza, ba tari, dogo yana shigewa ƙarƙashin gilashin gabansa. Ya tsaya a Kilomita 102, ba kowa. Ya tsaya a Kilomita 84 ƙarfe tara daidai, ya danna oda, ya leƙa. Rumfar kwano ce da benci ɗaya da allon lamba, sai wata mujiya a kan turken shinge tana kallonsa. A Kilomita 61 ma haka. Fasinjojinsa duka su huɗu ne daga Fortín, ɗayansu ma malamin makaranta ne da ya zo kallon inji.

Talata haka, Laraba haka, har Asabar. A rumfar gyara aka samu abin dariya na shekara. "Direban bas, yau iska nawa ka ɗauko?" Fermín ya ce su ne suka baza jita-jita cewa motar tana kama wuta, kuma zai gano wanda ya fara. A fuska yana nan daram, amma a ciki hankalinsa ya tashi, don uwarsa ba ta saɓa alkawari. Ran Lahadi ya ari tsohuwar motar mai kantin Fortín, ya ɗauki Don Tibor, suka nufi gonar.

Suka tarar da ita lafiya lau a ƙofar ɗaki, butar ruwan zafi a gefenta, ƙoƙon shayin ganyen da muke kira mate a hannu. Ba ta jira ya gama gaisuwa ba.

"Kai ne ka rubuto jirgi kullum? Ina jirgin?"

"Mama, sau shida na tsaya a rumfar nan da safe, sau shida da yamma."

"To a mafarki ka tsaya. Tun Litinin nake zaune nan da hulata a kai, doki a ɗaure a gindin bishiya, ina kallon yamma har wuyana ya sage. Sama fes, ko ɗigo. Maƙwabcina Zoilo ma ya ce an kashe layin ne ba a gaya mana ba."

"Ba ki ji oda ba?"

"Na ji wani abu kamar saniya mai naƙuda. Na ce ta Zoilo ce."

"Amma na rubuta miki ƙarfe tara!"

"Ƙarfe tara." Ta miƙa wa Don Tibor ƙoƙon ba ta ko dubi ɗan ba. "Ubanka ya rayu ya mutu bai ga jirgin da ya zo a lokacin da aka rubuta ba. Idona ya mutu, ban musa ba, amma hayaƙi dai har yau ina ganinsa. Ka nuna min hayaƙi ka ga ko ban zo ba."

Gaskiyarta ne, kuma Fermín da ya tashi a gonar nan ya fi kowa sanin haka, sai dai shekara ashirin da biyu yana ƙarƙashin hayaƙin ne, ya manta yadda ake kallonsa daga nesa. A filayenmu ba tudu ba kwari, kuma ba mai agogo sai limamin coci da mai kanti. Tsohon jirgin yakan zo ne tsakanin hantsi da azahar, yadda Allah ya nufa. Idan ya tsaya shan ruwa a Kilomita 102 hayaƙinsa yakan miƙe baƙi ƙirin a sama, kowa ya gani daga ƙofar ɗakinsa. Daga nan kana da awa guda. Ka shanye shayinka, ka kamo doki, ka ɗaura masa keken doki, ka isa rumfa, har ka zauna jira. Haka kakanninmu suka shiga jirgi, kuma ba wanda ya taɓa tunanin akwai wata hanyar.

Don Tibor ya riƙe ƙoƙon ya kasa sha. "Shekara uku," ya ce a hankali. "Shekara uku ni kashe hayaƙi."

Fermín kuwa dariya ya fashe da ita har da dukan cinya. Nauyin mako guda ya sauka daga ƙirjinsa. "Wannan ne kawai? Hayaƙi suke so? Mama, gobe ki sa hularki."

A hanyar komawa ya zayyana dabararsa. Rabin duro a kan rufi, jiƙaƙƙiyar ciyawa, baƙin mai daga rumfar gyara. Don Tibor ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa. Kafin su kai Fortín ya sauko zuwa cewa sai an shimfiɗa yashi a ƙarƙashin duron, an rufe bakinsa da ragar waya ninki biyu saboda tartsatsi, kuma shi bai gani ba bai ji ba. Shi da kansa ya ɗaure duron, yana yi yana magana da harshensu, kuma ba addu'a yake ba. Abu ɗaya ne Fermín bai yi ba, bai gaya wa kowa a ƙauye ba. Yana so ya ba su mamaki.

Litinin da safe suka tashi da duro yana tuƙa hayaƙi. Sai dai hayaƙin jirgin kwal a tsaye yake tashi, baƙi, curi-curi, a hankali. Wannan kuwa ruwan toka ne mai ratsin rawaya, kuma da motar ta ɗauki gudu sai ya kwanta a bayanta ya yi doguwar katanga a kan busasshiyar ciyawa, iskar arewa tana tura shi cikin gonaki. Watan Janairu ne, kwana arba'in ba ruwan sama. Duk wanda aka haifa a nan ya san abin da irin wannan hayaƙin ke nufi.

Suna dosar Kilomita 84 Fermín ya hango ƙura ta ko'ina, mahaya suna sukuwa daga kudu da arewa, sun fi talatin. Ya daki kafaɗar Don Tibor.

"Ka gani, Injiniya? Na gaya maka! Ka ƙirga kujerunka!"

Sai da ya taka birki ya lura dawakan ba sirdi, mutanen ba hula, kuma kowa yana riƙe da jiƙaƙƙen buzu, fatar tunkiyar da muke dukan wutar daji da ita. Na gabansu Don Zoilo ne, maƙwabcin uwarsa, dattijo mai farin gemu wanda gobarar shekara takwas da suka wuce ta cinye masa tumaki ɗari uku da ƙanensa guda. Ya diro daga doki, ya dubi duron, ya dubi Fermín da ya leƙo yana murmushi. Buzun ya sauka a ƙirjin Fermín da ƙarar da aka ji har bayan motar.

"Ɗan Eulogia! Kai ne wutar?"

"Don Zoilo, ka saurara, hayaƙi ne kawai na..."

"Na yanke shingena wuri huɗu don shanu su tsira! Matata tana can ta ɗora katifa a keke tana kuka! Kai kuma kana nan kana washe baki a cikin gwangwanin sardin!"

Samari uku suka haye rufin suka kashe duron da buzaye. Baƙin ruwa ya gangaro a jikin fentin azurfa, Don Tibor yana tsaye a ƙasa da tsummansa bai ko ɗaga shi ba. Fermín ya cire hula ya ba da haƙuri, ya sake bayarwa, abin da ba a taɓa gani ba. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi, don ya san ƙanen Zoilo, tare suka yi kiwo. Rigimar ta ci minti ashirin. Layin kuwa guda ne, kuma jirgin alkama yana jiran su wuce a gaba, ba halin ƙara ko minti biyar. Ya hau ya saki birki. A lokacin ne ya hango can nesa a kan hanyar gonarsu wani ɗan ɗigo yana tafe a hankali, keken doki, da farar hula a kai. Ita kaɗai a duk yankin ba ta ɗauka gobara ba ce. Ta sa hularta kamar yadda ya ce, ta ɗaura keke, amma keke minti arba'in yake buƙata, motar kuwa cikin kwata take cinye tazarar da tsohon jirgi ke yi a awa guda. Ya yi ta kallon ɗigon har ya ɓace.

Labari ya riga su isa. Señor Lascano ya kira shi ofis ya ce, "Idan ka sake kunna ko sigari a kan rufin nan, ba motar kaɗai za ta bar layin ba." A rumfar gyara kuwa ba wanda ya yi zolaya a ranar, abin da ya fi zolayar ciwo.

Wani da ya sha wannan sai ya naɗe tabarmarsa. Fermín ya yi mako guda yana tsayawa a rumfuna uku marasa kowa, yana danna oda ga mujiya, kuma ko sau ɗaya bai yarda an gama ba. Ya san dai ya gano ciwon, maganin ne ya kuskure. Ran Lahadi ya sayi naɗin waya da kuɗinsa, ya sake aron motar mai kanti, ya je ya tsaya a ƙofar Don Zoilo tun da sassafe da filaya a hannu. Dattijon ya dube shi sama da ƙasa, ya nuna masa shingen da haɓa. Suka yi ta aiki ba magana, ɗaya yana ja ɗaya yana murɗawa, har rana ta ɗaga.

Suna kan gyara yanka na uku sai wani farin hayaƙi ya miƙe daga gabas, siriri, dogo. Fermín ya miƙe zumbur yana nuna shi. Don Zoilo ya ɗaga kai ya duba sau ɗaya ya koma kan wayarsa.

"Uwarka ta hura tanderu. Yau akwai burodi."

"Yaya aka yi ka san ba gobara ba ce?"

"Kai dai birni ya cinye maka kai. Hayaƙin da ke tsaye wuri ɗaya, a inda ka san shi shekara arba'in, shi ne gobara? Wuta tafiya take yi."

Fermín ya ajiye filaya. "Daga ina da ina ake hango shi?"

"Tanderun Eulogia? Ran da ba iska har mutanen 102 suna cewa ta yi rowa ba ta aiko musu ba."

Fermín ya murɗa gashin bakinsa, karo na farko cikin kwana shida. Don Zoilo ya gani ya ce, "Idan wata dabarar ce ta zo maka, ka faɗe ta da ƙarfi tun yanzu, ina da sauran buzu."

Wannan karon ya faɗa da ƙarfi, a gaban kowa, a tsakar gidan uwarsa, da burodi mai zafi a hannu. Ba motar ce za ta yi hayaƙi ba, ƙasa ce za ta yi mata. Kullum ƙarfe takwas, lokacin da yake tashi daga Fortín, Doña Eulogia za ta hura tanderu ta ɗora ɗanyen ganye. Mai tanderu a kusa da 102 da mai tanderu a kusa da 61 idan sun gani su hura nasu. Kowa ya samu lokacinsa na kamo doki kamar da.

"Da wane icen?" in ji uwar. "Ka ga daji a nan?"

"Tsofaffin katakon da ake shimfiɗa dogo a kai suna nan jibge a Fortín suna ruɓewa. Zan riƙa sauke miki a rumfa, Don Zoilo ya kawo."

"Ji shi, har ya ba ni aiki," in ji Don Zoilo, amma bai ce a'a ba.

"Ƙarfe takwas ɗin fa, wa zai gaya min? Kaji?"

Nan Don Tibor, wanda ya biyo su don kada a sake ɗora wani abu a rufinsa, ya miƙe. Washegari ya bar motar a hannun Fermín ya kwana a gonar, da safe ya tsaya da agogonsa a gindin hasumiyar famfon da iska ke juyawa yana jan ruwa, ƙarfe takwas na bugawa ya kafa turke a daidai bakin inuwar hasumiyar, ya shafa masa farar ƙasa yadda ko mai yanar ido zai gani. Ya fara yi mata bayanin cewa inuwa tana matsawa da kwanaki. Ta ce, "Bawan Allah, tun ba a haifi uwarka ba nake kallon inuwar nan. Ka bar min turken, ni zan riƙa matsar da shi."

Ran farko mutum biyu suka zo Kilomita 84, su ma don su tabbatar ne. Rana ta uku bakwai, da kwandon ƙwai. Wata mata ta je gari ta cire haƙori ta dawo kafin la'asar ta yi sanyi, ta bi gida-gida tana nuna gurbin, kuma wannan ya fi duk takardun sanarwar da aka manna aiki. Kafin mako ya ƙare tanderu uku suna tashi kowace safiya, burodi ya yi yawa a yankin har karnuka suka fara yanga.

Doña Eulogia dai ba ta hau ba. Kullum Fermín ya tsaya sai ya duba cikin mutane, ba farar hula. Ya aika mata da saƙo ta bakin Don Zoilo, ta aiko da amsa cewa mutane ba su gama yarda ba tukuna, idan hayaƙin ya mutu da wuri rana ɗaya za su ce an koma gidan jiya, don haka sai ta tsaya a kansa awa guda cur. Don Zoilo ya ƙara da nasa, murya ƙasa-ƙasa, cewa jiya ta zuba ruwan zafi a hannunta maimakon ƙoƙo. Fermín ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko ran buzu. Ya ce a gaya mata ran talatin zai tsaya a rumfar, kuma ba zai saki birki ba sai tana ciki, ko da jirgin alkama zai yi tsiro a inda yake. Matar Don Zoilo ta ce ita za ta tsaya a kan tanderun.

Ran talatin Señor Lascano ya hau daga Fortín, ya zauna a kujerar gaba kusa da gilashi. Ba su yi nisa ba ya ga farin hayaƙi ya miƙe a gabansu, can wani ya amsa, can nesa kuma na uku. Ya gyara tabarau.

"Olazábal, mene ne wancan?"

"Burodi ake gasawa, ranka ya daɗe."

"Wuri uku, lokaci ɗaya?"

"Mutanenmu akwai son burodi."

A Kilomita 102 mutum goma sha ɗaya suka hau da akurkin kaji. A Kilomita 84 rumfar ba ta ɗauke su ba, kekunan doki sun yi layi a jikin shinge. A gaban kowa, a bakin dogo, ga Doña Eulogia da farar hula da baƙar rigar zuwa coci, ƙunshin burodi a hammata. Fermín ya sauko da kansa ya kama hannunta. Ta shafa jikin motar ta ce, "Wannan ce? Ai ko kunya ba ta ji, tsirara haka ba kai ba wutsiya." Señor Lascano ya tashi ya ba ta kujerarsa, ita kuma ta gutsura masa burodi ba tare da ta tambayi ko shi wane ne ba. Daga nan har gari a tsaye ya tafi, riƙe da ƙarfe, akurkin kaji a tsakanin ƙafafunsa.

Da motar ta ɗauki gudu tsohuwar ta damƙe gefen kujera. Can ta saki. "Kai Fermín, haka kake ganin duniya kullum, tana zuwa maka da kanta?"

"Haka, Mama."

"Shi ya sa ba ka jin magana."

A Villa Amparo sufeton ya sauka yana kaɗe gashin kaji daga wandonsa. Bai dubi Fermín ba, Don Tibor ya kira. "Injiniya, motar nan za ta iya jan ƙaramin tarago a baya?"

"Ɗaya, za ta iya. An yi ta da ƙugiya."

"To ka rubuta a aiko da shi kafin girbi. Ba zan sake tafiya a tsaye ba."

Daga tasha zuwa gidan layi huɗu ne. Fermín ya riƙe gwiwar hannun uwarsa, yana gaya mata inda rami yake, tana ce masa ba gurguwa ba ce. Casilda tana tsaye a bakin hanya tun ƙarfe goma. Suka rungume juna, suka yi 'yan koke-kokensu. Sannan tsohuwar ta saki kowa, ta ja da baya zuwa tsakiyar titi, ta ɗaga gefen hular, ta tsaya tana kallo. Fermín ya zuba mata ido. Bai san me ke isa gare ta ba, gida ne ko inuwa kawai, kuma ya san idan ya tambaya za ta ce ta gani ko ba ta gani ba, don kada ransa ya ɓaci.

Ta daɗe. Ta karkata kai hagu, ta karkata dama.

"Ginin ba laifi," ta ce. "Tagogin sun yi daidai. Amma wa ya ba ka shawarar shafa wa ƙofa shuɗin fenti? Sai ka ce kantin magani."

Fermín bai taɓa gaya mata launin ƙofar ba, ko a baki ko a takarda. Hawaye suka gangaro cikin gashin bakin nan da ya murɗe tun asuba.

"To, tsaya nan ka yi ta kuka a titi," in ji Doña Eulogia, ta kama hannun Casilda. "'Yata, mu shiga ki nuna min ciki da sauri. Ƙarfe huɗu zan koma, shanuna na jira."